Gurbin da Yaya Yake Cikewa

A gidansu Auta ake ce mata, kuma sunan ya bi ta har furfura. Shekara goma sha tara ta koyar da lissafi a wata ƙaramar makarantar kuɗi, kuma ba ta taɓa yarda ta yi kuskure ba, ko a allo ko a baki. Yayanta, mai gyaran kwamfuta, yakan ce gardama da ita kamar ɗiban ruwa da kwando ne.

Su biyu suka haɗa wa makarantar shafin sakamakon ɗalibai, a bayan shagonsa, tsakanin matattun firintoci da fanka mai kukan tsufa. Shi ya iya aikin, ita ta koya a gefensa. Kafin su ɗora komai a intanet sai sun kunna sabar, wato manhajar da ke tafiyar da shafin, a kwamfutarsa sun gwada. In shafi ya faɗi, lamba 500 ta fito, sai ya juya baƙar tagar da sabar ke zuba ƙorafinta, ya ce ta karanta daga ƙasa, don can gaskiya take kwana. Ita kuwa kafin ta karanta ta riga ta yanke hukunci: laifinsa ne. Ya yi dariya ya ce ya ji. Ɓangaren da ke fitar da matsakaicin maki ita ta rubuta shi da hannunta, ta yi mako tana faɗa wa duk wanda ya tsaya.

Yaya ya rasu, makarantar ta rufe, kwamfutar ta koma ƙarƙashin gadonta.

Wata safiya sai ga wata mata da goyo, tsohuwar ɗalibarta. Matar ta samu gurbin karatun jinya, amma sai ta kai sakamakon shekararta ta ƙarshe kafin Juma'a, kuma ruwa ya cinye takardunta. Auta ta ce ta zauna, aikin minti biyar ne. Mai hali ba ya barin halinsa.

Kwamfutar ta tashi da ƙyar. Sabar ta ƙi, wai wani yanki na manhajar ya ɓace. Auta ta nemo shi. Sabar ta sake ƙi, wai ba ta ga rumbun bayanai ba. Wannan ma Auta ta gyara, tana mita ƙasa-ƙasa kan Yaya da aikinsa na rabi da rabi, kamar yana kan kujerar kusa. Ta yi kewarsa sosai a wannan mitar. Wajen azahar shafi ya buɗe da tsohon tambarin makaranta. Ta buga sunan matar. Sai 500.

Ta gwada wasu ɗaliban shekarun baya, duk suka fito. Na wannan matar ne kaɗai ya ƙi. Matar ta fara share ido da gefen zani. Auta ta sa tabarau, ta karanta daga ƙasa. Layin ƙarshe ya kai ta ɓangaren matsakaicin maki, wato nata. Matar ba ta zauna jarrabawar zane ba saboda karaya, gurbin ya zauna fanko, kuma lissafin Auta bai san yadda zai yi da fanko ba.

A saman layin akwai rubutun Yaya da ba ta taɓa gani ba, irin bayanin da ake barin wa mai gyara: "Na Auta ne. A bar mata, tana ji da shi. Ina cike guraben da hannu duk zango."

Ta duba rumbun. Zango bayan zango, babu gurbi ko ɗaya a buɗe, sai a zangon ƙarshe, wanda Yaya ya yi a kwance a asibiti.

Gyaran layi biyu ne. Firinta ta turo takarda, maki masu kyau. Matar ta karɓa da hannu biyu tana ta godiya, sannan ta kalli fuskar Auta ta tsaya.

"Malama, lafiya? Ko na'urar ce ta ba ki wahala?"

"Na'ura ba ta da laifi, 'yar nan," in ji Auta. "Kuskurena ne. Tun farko nawa ne."