Ranar da Kamfani Ya Ce Ni Ba Nasa Ba Ne

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa sun wuce, amma ranar da tafasasshen mai ya kwaro mini a hannu, da abin da ya biyo bayanta, ba zan manta da su ba har in koma ga Mahaliccina.

A lokacin ina suyar kaji a wani gidan abinci da ke Unguwar Sarki, reshen wani babban kamfani mai rassa a garuruwa da dama. Kullum da sassafe nake tasowa daga Rigasa, ina alfahari da cewa ni ma'aikacin kamfani ne. Ashe wani Alhaji ne ya sayi izinin amfani da sunan, ya buɗe wurin da dukiyarsa. Mu 'yan kicin mun ɗauka shi ma wakili ne kawai da aka turo.

Injin suyar ya daɗe da sakin ƙafa ɗaya, mun tokare shi da bulo. Mun sha yi wa manaja magana, yana cewa Alhaji zai turo mai gyara. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wuri ya cika da mutane, ina ɗago kwandon kaji sai bulon ya goce. Man ya wanke ni daga gwiwar hannu har yatsu. Ban san lokacin da abokan aikina suka kai ni asibiti ba.

Alhaji ya zo dubiya sau ɗaya, ya ce in ɗauki ƙaddara. Kafin a sallame ni ya sayar da reshen ya bar gari, wayarsa ta daina shiga. Da na koma, allon sunan yana nan, ƙamshin kajin bai canza ba, amma sabon manajan ya ce su da mutanensu suka zo.

Sai na ji labarin jami'in kamfanin zai zo duba reshen. Na tare shi a bakin ƙofa, na kwance bandejin ya gani. Ya kawar da kai, sannan ya ce, "Malam, wallahi na tausaya maka. Amma mu sunanmu da tsarin girki muka ba Alhaji. Ɗaukar ma'aikata da kula da lafiyarsu duk a wuyan mai reshe suke. Kai ba ma'aikacinmu ba ne."

Na ce, "To ranka ya daɗe, duk shekarun nan wa nake yi wa suya?"

Sai kawai ya shiga mota.

Wani lauya da yayana ya kai ni wurinsa ya tabbatar mana haka dokar take: Alhaji ne za a nema. Mun neme shi har muka gaji.

Yau yatsuna uku sun ƙanƙance, ko cokali ba na iya riƙewa da hannun dama. Ina zaman gadin rumfar yayana a Babbar Kasuwa, shi ke ciyar da iyalina. Sana'ar da na iya guda ɗaya ce, ta tafi.

Abin da na koya, na koye shi bayan ya daina yi mini amfani: kafin ka ba wuri ƙarfinka, ka tambaya wane mutum ne zai amsa sunanka ranar da ka faɗi.