Bappa Jumare da Buhunan Kashin Shanu

Bappa Jumare ya sauka Fatakwal yana ɗan shekara ashirin da ɗaya, a bayan motar shanun maigidansa, kuma tun daga nan bai koma Dukku da zama ba. Ya yi dillanci, ya yi fawa. Da gwiwa ta fara ba shi wahala, aka ba shi kula da turken wata ƙaramar mayanka a bayan Mile 3. Mutum ne da ko goro ka miƙa masa sai ya juya ya duba bayansa.

Wata safiya Lucas, ɗan Bokkos ta Filato mai kawo dankalin Turawa kasuwa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya roƙi kashin shanun da ke jibge a bayan turke. Ya ce motar da ke kawo masa dankali fanko take komawa. Yana so ya raba gonarsa biyu, rabi takin zamani, rabi kashin shanu, ya ga wanne ya fi cin mai da ƙarfin mutum, wanne ya fi ba da amfani.

"Duk shanun Filato sun daina kashi ne?" in ji Bappa.

"Baba, can sai ka yi layi. Nan kuwa ruwa ke tafiya da shi."

Bappa ya yarda a baki. A zuci kuwa ya gama yanke hukunci: jarkokin man sata za a binne a ciki, don babu ɗan sandan da zai tura hannu cikin wannan warin. In asiri ya tonu, mayankar Hausawa za a ambata. Ranar lodi ya zo da rodi mai tsini, ya caccaki buhu arba'in ɗaya bayan ɗaya a gaban Lucas. Babu komai. Sai Bappa ya ce a ransa a hanya za a ɗora kayan. Ya buga wa Indabawa, abokinsa mahauci a Enugu, ya ce ya sa ido in motar ta tsaya a Abakpa. Indabawa ya ce abin da ya gani kawai direba ne yana cin tuwo yana tsine wa kayan, ruwa na ɗiga daga bodi.

Bayan girbi Lucas ya dawo da kwando biyu na dankali, ɗaya daga kowane ɓangaren gonar. Ya ce ɓangaren kashin shanu bai kai ɗayan yawa ba, amma dankalinsa ya fi tauri. Sai dai ba zai ƙara ɗauka ba. Rabin nauyin buhunan ruwan Fatakwal ne, motar ta sha dizal a hawan dutse, kuma mutum shida suka kwana uku suna barbaɗawa, alhali takin zamani shi kaɗai ya zuba kafin azahar. Kashin kaji zai nema kusa da gida.

Bappa ya kai wa matarsa Maijidda kwandunan, ya ce ta dafa kowanne a tukunyarsa. Ya ci, bai yaba ba, bai kushe ba. Wannan saurin janyewa na Lucas ma bai kwanta masa ba.

Sati na zagayowa ya nemo tsofaffin kwanukan rufi ya yi wa jujin rumfa, kashin ya riƙa bushewa. Yanzu matan da ke noman ganyen ugu a gefen gari su ke zuwa ɗiba. Kowacce sai ta faɗi inda lambunta yake, wani sa'in kuma Bappa ya hau okada ya je ya gani da idonsa.