Ka Bar Yarinyar a Bayan Ƙofa

Ranar Talata, sha biyu ga watan jiya, Allah Ya karɓi ran ɗana, marubucin labaran sararin samaniya, bayan gajeriyar jinya a asibiti. Da kai zan yi magana, Babana, don ban saba ba wa kowa labarinka ba.

Ƙanwarka lafiya lau. Matarka ta fara cin abinci kaɗan-kaɗan. Ni dai ƙafar nan ce. Wayata tana wuni a kan tebur, ba ta ƙara.

Sai da na yi jikoki na koyi karatu, saboda littattafanka. Har yau da yatsa nake bin layi. Jimlolinka gajeru ne, kamar mai gudu yana magana. Mutane na yabon jiragenka da injinanka masu tunani. Ni abin da na sani, ba ka rufe babi sai ka bar ɗan wani a bakin halaka. Sai in kira ka.

"Zai fita?"

"Mama, ki juya shafi mana."

"Uwarsa na da rai?"

Ka yi dariya, ka ce ni kaɗai ce ke nema wa mutanen takarda sassauci. Amma matuƙin nan da ka yi niyyar kashewa, da karaya kawai ka bar shi, ka ce albarkacina ya ci.

Littafin ƙarshe, babi-babi kake kawo mini, da manyan haruffa saboda idona. Inda ka tsaya, yarinya mai gyaran inji tana kulle a ɗakin jirgi, iska na ƙarewa, ba mai jin bugun ƙofarta. Nan ka bar ta. Kullum da ita nake tashi.

Na ji masu buga littafin za su zauna ranar Litinin, su ba wani marubuci ya ƙarasa. Ban san shi ba, shi ma bai san ana roƙa wa mutanen takarda sassauci ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba matarka da 'ya'yanka haƙuri, ni ma Ya ba ni.

Malam editan masu buga littafin, in wannan takardar ta iso hannunka, ka amsa mini kafin Litinin. Ba na neman komai a littafin. A buɗe wa yarinyar ƙofar kawai. In ba za a buɗe ba, a faɗa mini tun yanzu, in daina jira.