Muryar Iya a Cikin Empitiri

Tun ina ƙarama Iya take cewa ni ba a haife ni da zama ba. In ta aike ni ɗebo ruwa, kafin tulu ya cika na sungume shi. In ta sa ni tsaron tukunya, sai na buɗe murfi sau goma kafin doya ta nuna. Na girma, na zama malamar firamare, na kama ɗakin haya a unguwar Fadikpe a Minna, amma halin bai bar ni ba.

A shekarun da kowace waya ba ta zama rediyo ba tukuna, na sayi empitiri, 'yar na'urar sauraren waƙa da ba ta fi yatsu biyu a haɗe ba. Nawa ja ne, na rataye shi a wuya da igiya. Don in riƙa toshe kunne a kan acaɓa na saye shi, sai daga baya na gano yana ɗaukar murya. Wata damina na je gida, ƙauyenmu da ke bayan dam ɗin Tagwai, na tarar da Iya tana niƙa a dutse tana waƙa da yaren Gbagyi. Na danna maɓalli na ajiye shi a kan kifaffen turmi ba ta sani ba. Da na kunna mata ta ji, ta riƙe baki ta ce wace tsohuwa ce wannan mai muryar agwagwa? Amma kashegari ita da kanta ta ce in ɗauko abin nan, akwai saura. Waƙa goma sha ɗaya ta yi min: ta niƙa, ta shukar doya, ta rarrashin jariri, ta rakiyar amarya, da wasu da ita ma ta ce a bakin kakarta ta ji su. A cikin ɗaya har ana jin zakara ya katse ta, tana daka masa tsawa.

Ni ina jin yaren, amma bakina ya riga ya karye da Hausa. Ban taɓa zama na koyi ko ɗaya ba. Na ce ai suna nan cikin empitiri, me zai same su?

Shekarar da ta biyo baya hawan jini ya kayar da Iya a gona. Ta tashi da shanyewar ɓarin dama, magana ta ɗauke ɗif. Matar yayana ce ke jinyarta, ni kuma ina zuwa kowace Asabar. Da na shiga ɗaki, kafin in gama gaisuwa, sai ta miƙo hannun hagu ta buɗe tafi. Na san abin da take so. In sa mata iyafis ɗaya, abin sauraron nan, a kunne, in sa ɗaya a nawa, in kunna. Tana jin muryarta sai leɓenta ya fara motsi, yatsunta na kaɗawa a gwiwa. Wannan sa'a guda ce kaɗai a mako da fuskarta ke komawa irin wadda na sani. Ni kuwa, Allah ya yafe min, rabin hankalina na kan agogo, ina lissafin ko ɗan acaɓan da zai mayar da ni gari ya iso.

Sai empitirin ya fara ciwo. Ya riƙa mutuwa da kansa a tsakiyar waƙa, caji ba ya zama, bayansa ya kumbura kamar an dafa shi. Wata abokiyar aikina ta jujjuya shi ta ce, “Wannan ya kusa. Ki je a juye miki su a kwamfuta, a buga miki a faifai, tun kafin ki yi kuka.”

Daga ranar na rasa sukuni. Ina cikin aji ina rubutu a allo, sai in laluba wuyana in ji ko yana nan. Kwamfutar makarantarmu tana ofishin hedimasta, an lulluɓe ta da zane kamar amarya, kuma duk ranar da aka sami mabuɗi ba wuta. Ranar Alhamis ana tashi na haye acaɓa sai kasuwa, layin masu turin waƙa.

Wanda aka kwatanta min wani magidanci ne mutumin kudancin Kaduna, furfura ta fara fito masa, yana zaune a 'yar rumfar katako, ga lasifika tana ruri, ga janareto yana tari a bayansa. Shi kowa “ka” ne a bakinsa, mace ko namiji. A gabansa akwai faranti, an jera memori da empitiri layi guda, kowanne an naɗe shi a guntuwar takarda da aka rubuta abin da mai shi yake so: wannan Indiya, wannan waƙar coci, wancan wa'azi. Duk mai zuwa wurinsa zubin waƙoƙi yake zuwa a yi masa. Abin da ban sani ba shi ne, tun da cutar bairas ta taɓa kashe masa kwamfuta, bai sake zuba wa kowa komai ba sai ya fara goge abin da ke ciki tas. Kowa a layin ya san haka, ban da ni.

Na ɗaga murya saboda ƙarar janareto. “Oga, ni ba zubi nake so ba. Abin da ke ciki za ka juye min a kwamfuta, ka buga a faifai.”

Ya ɗaga kai ya dube ni, hannunsa bai daina aiki ba. “Ba damuwa, Anti. Ka zauna, mutum shida ne a gabanka. In layi ya zo sai ka nuna mini.”

Na zauna a benci. Zafin Minna na dukan kwanon rumfar, gumi na bin bayana. Na kaɗa ƙafa, na gyara mayafi, na tashi na sake zama. Wata mata a gabana ta tsaya zaɓen waƙa ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen atamfa, ni kuwa raina na tafasa. Sai na tuna ba ni da kuɓewa a ɗaki. Wai kuɓewa!

“Oga, bari in yi cefane in dawo.”

“Ka jira mana, ba zan dade ba.”

Ban jira ba. Na cire igiyar daga wuyana, na ajiye empitirin a ƙarshen layi a kan faranti, ba takarda ba komai, na faɗa kasuwa. A can ma ban sami natsuwa ba. Na yi ciniki da mai kuɓewa har muka yi cacar baki, na wuce na taya takalmin da ba ni da niyyar saya. Ina wurin mai manja gabana ya faɗi haka kawai, na juyo da sauri ina ture mutane.

Yana hango ni ya washe baki, ya ɗago empitirin da igiyarsa. “Anti, na gama naka. Na wanke shi tas. Da yake ba takarda, na sa maka kowane kala, na cika shi har wuya, har da jara.”

“Ka wanke me?”

Ya buɗe baki zai maimaita, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya dafe kai da hannu biyu. “Wayyo Allah! Kai ne na juyewa.”

Ban san ina da irin muryar nan ba sai ranar. Na zage shi, na zagi kwamfutarsa, na zagi farantinsa, ledar kuɓewa ta fashe a ƙasa mutane suka taru. Bai rama ba ko da kalma ɗaya. Da na gaya masa muryar wace ce a ciki, da halin da take ciki, ya kashe lasifika, ya ba sauran masu jira haƙuri ya ce su dawo gobe. Ya ce akwai yadda ake kamo abin da aka goge, in dai ba a zuba wani a kansa ba. Sai muka dubi juna, don mu duka mun san ya cika shi har wuya.

Duk da haka ya gwada. Wannan karon na zauna, ina kallon wani koren layi yana jan ciki a fuskar kwamfuta. Abin da ya fito tarkace ne, ƙara da shuuu. Guda ɗaya kawai ya yi magana: zakara ya yi cara, Iya ta daka masa tsawa, sai shiru. Bai kai numfashi uku ba. Shi ya adana a kwamfutarsa, ya buga min a faifai, ya miƙo min da hannu biyu yana cewa in yafe masa. Na karɓa. Na so ƙwarai laifin ya zama nasa shi kaɗai, amma da kunnena na ji ya ce in jira.

Ranar Juma'a na ƙulla ƙarya ta fi biyar. In ce an sace, in ce yana wurin gyara, in aika a ce ba ni da lafiya. Na ninke kayan sawa na warware, na share ɗakin da na riga na share. Asabar da hantsi dai na hau acaɓa.

Ina shiga ta miƙo hannun hagu ta buɗe tafi. Na durƙusa a gaban tabarmarta na ce, “Iya, na ɓatar da su. Garajena ne ya jawo.” Na gaya mata komai, har kuɓewar. Ta dube ni. Hannun kuma bai sauka ba, yana nan a buɗe.

Na rasa abin da zan sa a cikinsa, sai na sa nawa. Na gyara murya na kama waƙar niƙa, wadda na fi ji a kunne ɗaya. Ban kai ƙarshen baiti na biyu ba ta zare hannunta ta make min gwiwa. Na sake daga farko, ta sake make ni a wuri guda. Daga madafa matar yayana ta jefo min kalmar da nake tsallakewa. Na sake ɗaukowa, wannan karon na wuce wurin, sai na ga leɓen Iya ya fara motsi, yatsunta na kaɗawa a kan gwiwata.

Da azahar ɗan acaɓa ya yi hon a ƙofar gida. Na leƙa na ce masa ya tafi, yau ba na sauri.

Haka muka riƙa yi kowace Asabar, ina rerawa tana make ni, har Allah ya karɓi abarsa. Huɗu muka kai. Sauran bakwai ɗin na tambaya a ƙauye gida gida, ba wanda ya riƙe su.