Bencin Bafulatani da Babarbare

Shekarun baya, bayan na gaji da yawon duniya na dawo Kankiya na zauna, ɗan ƙanwata ya samu aikin koyar da manya karatu a wani ƙauye kusa da Ƙofa, cikin ƙasar Kusada. Ajin yaƙi da jahilci ne na maza, ana yi bayan La'asar a firamaren garin. Yaron bai daɗe da gama kwalejin horon malamai ba, kuma wannan ne aikinsa na farko.

An buɗe aji bayan an gama kai amfanin gona gida. Da farko har wurin zama ya yi kaɗan: manoma, Fulanin rugagen kewaye, 'yan kasuwa, tsofaffi da samari. Kafin rani ya raba, benci ya fi mutane yawa.

Wata safiya ya zo gidana ya durƙusa ya gaishe ni, na ga duk ya faɗa.

"Kawu, jami'in da ke duba mu ya ce in ya sake zuwa ya tarar da ajin haka, zai mayar da shi wani gari, ni kuma a sallame ni. Mutanen nan ba su son karatu."

"Su suka ce maka ba su so?"

"Ba su cewa komai. Shi ne ma abin da ya ishe ni."

Na ce zan bi shi in gani. Na saka babbar riga na hau bayan babur ɗinsa, ina ji da kaina, wai ni wanda ya ga makarantun Maraɗi da Kumasi da Khartum. A hanya har na shirya jawabin da zan yi musu kan amfanin ilimi. Allah ya taimake su ban samu damar yi ba.

Na zauna a baya na zuba ido. Yaron ya jera su bisa harafin farkon sunan kowa, kamar yadda aka koya masa. A bencin gaba akwai wani dattijon Bafulatani, dogo, ya jingine sandarsa a bango. Kusa da shi wani magidanci ne matashi, ya takure a ƙarshen benci, rabin jikinsa a iska, kansa a sunkuye. Na tambayi na kusa da ni, ya raɗa mini cewa ai mijin 'yar dattijon ne.

Malam ya kira dattijon gaban allo ya rubuta harafi. Ya tashi a hankali, ya riƙe alli kamar mai riƙon kunama, ya zana wani abu da ba harafi ba. Ajin ya yi tsit, kowa ya kalli ƙasa. Malam ya juya ga surukin ya ce ya zo ya gyara. Na ga leɓensa na motsi, ya san amsar sarai, amma ya ce, "Malam, ban gane ba."

A Kumasi na ga ɗa ya gyara wa ubansa karatu a gaban jama'a, uban yana murna. A nan kuwa, mutumin da ba ya cin abinci gaban surukinsa, wanda ke canza hanya in ya hango shi, shi ake so ya tashi ya nuna wa gari ya fi shi sani. Dattijon ma ya san shirun da aka yi masa na tausayi ne, kuma da wannan gara a yi masa dariya. Da aka tashi na gaishe shi da Fulatanci. Ya amsa da fara'a, sannan ya ce ƙafarsa na ciwo, da wuya ya zo gobe.

Na gane ciwon, amma ban san maganin ba sai ranar kasuwa. Ina wucewa ta rumfar masu kanwa na ji hayaniya. Sai ga dattijon nan, mai kunyar nan, yana cacar baki da wani Babarbare mai sayar da kanwa, wanda shi ma ɗan ajin ne da ya daina zuwa.

"Kai bawa, auna mini da kyau, shanuna sun fi danginka daraja."

"Ji ɗan tsugunne a daji. Kai da aka ce ka rubuta baƙi ɗaya ka zana ƙahon sa?"

Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki. Kuskuren da ya hana shi zuwa aji, ga shi ana yi masa gori da shi a tsakiyar kasuwa yana jin daɗi, don daga bakin abokin wasa ya fito. Irin wannan wasa na gan shi har ƙasar Mali, inda yake kashe rigimar da alƙali ya kasa. Ban taɓa tunanin a kai shi aji ba.

Da na gaya wa ɗan ƙanwata, ya ɓata fuska.

"Kawu, aji zai koma dandali. Ba haka aka koya mana ba."

"Yanzu da yake maƙabarta fa? A can an koya maka yara ne. Waɗannan kowa da surukinsa."

Muka tafi wurin mai unguwa, don shi ya san wa ke jin nauyin wa. Muka zauna a zaurensa yana warware mana garin: wane na auren 'yar wane, wane ɗan fari ne ubansa ba ya ko kiran sunansa, wane da wane taubasai ne, wane jikan wane ne. Muka raba ajin biyu. Surukai da 'ya'yan fari suka koma gindin bedi, itacen da Kanawa ke ce wa darbejiya, inda manyansu ba su jin muryarsu. A kowane ɓangare aka zaunar da mutum kusa da wanda ya halatta ya zage shi: taubashi da taubashi, kaka da jika, Bafulatani da Babarbare. Malam yana zirga-zirga tsakani, ni kuma aka ba ni gadin gindin bedi, aikin da ya fi dacewa da ilimina.

Dattijon kuwa ba mu je roƙonsa ba. Babarbaren muka tura. Ya tsaya bakin ruga ya ce ya ji labarin alli ya kori Bafulatani, ya zo ya tabbatar don ya kai labari Borno. Washegari dattijon ya riga malam zuwa, ƙafa ta warke.

Ranar da jami'in ya dawo bai sanar ba. Tun daga bakin hanya ya jiyo hayaniya, ya shigo da sauri yana zaton faɗa ake. Ya tarar da mutane har kan taga. Ya tsuke fuska ya ce cika aji ba shi ne karatu ba, a fito da mutum ɗaya ya gani. Sai ya nuna dattijon.

Dattijon ya tashi ya ɗauki alli. Ya daɗe yana rubutu, harufan manya, sun karkace sun gangara kamar hanyar rafi, amma suna karantuwa. Kafin jami'in ya buɗe baki, Babarbaren ya miƙe yana bin su da yatsa, ya karanta da ƙarfi: "Babarbare bawana ne."

Aji ya kece da dariya. Babarbaren ya ƙwace allin ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni wuri in ba shi amsa." Ya rubuta a ƙasa cewa Bafulatani ya fi son saniya da kansa. Dattijon ya karanta, ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan kam gaskiya ne, amma rubutunka ya fi nawa muni."

Jami'in ya cire tabarau yana share hawaye. Ya leƙa gindin bedi ya saurari karatunsu, ya dawo ya kira ɗan ƙanwata gefe. Abin da na jiyo shi ne, "Ajinka na nan. In damina ta wuce za ka je Dudunni ka nuna wa malaminsu yadda ake jera benci."

A duk inda na zauna, na lura kowace al'umma tana da wanda ake jin kunyarsa da wanda ake sakewa da shi, kuma mutum ba ya koyon abu sai a inda zai iya yin kuskure mutuncinsa bai zube ba. Mutanen ƙauyen nan sun tanadi wannan wuri tun kaka da kakanni, mu dai mun shigo da shi aji ne.

Ni ma yanzu ɗalibi ne. Babban ɗana ya saya mini babbar waya, ya yi ta ƙoƙarin koya mini, ina cewa na gane alhali ban gane ba, har ya haƙura. Jikata ce ta karɓi aikin. Jiya ta ce mini, "Mijin nan nawa, harsuna biyar a bakinka amma ka kasa tura hoto ɗaya? Zan sake miji." Wannan rubutun da kuke karantawa, da hannuna na tura shi.