Gayyar da Aka Yi Mini a Lambun Makaranta

Ko zan manta komai na shekarata ta ƙarshe a sakandare, ranar da na je ajiye darasin Agirik ba za ta taɓa fita daga raina ba. Har yau in na ji ƙamshin ganyen albasa da aka ba ruwa, ita ce take fara faɗo mini.

A Digil, kusa da Mubi, aka haife ni, gidan noma, kuma tun ina ƙarama burina in zama malamar gona. Agirik shi ne abin taƙamata a makarantarmu ta cikin Mubi, don ni da Bayoloji ba ma ga maciji. Da muka shiga aji shida, ruwa na ɗaukewa malaminmu ya kai mu lambun bayan makaranta, ya yanka wa kowa fangali, ya ce albasa za mu yi. Ya kuma kafa doka: duk wanda fangalinsa ya mutu ba zai zauna jarrabawar Agirik ta fita ba, sai ya ajiye darasin. Mun san halinsa, ba ya faɗa ya janye.

Akwai wani ɗan ƙauyen Kwaja a ajinmu da muke kokawar na ɗaya da shi. Bakinsa ba ya shiru, kullum sai ya kira ni "malamar gona ba fartanya", ni kuma ga saurin hawa, sai mu yi ta yi har a raba mu. Na ɗaura jan ƙyalle a turken fangalina, na rantse sai albasata ta fi tasa girma.

Irin da muka yafa ya isa dashe ke nan, taifot ya kayar da ni. Daga asibiti sai gida, na shafe makonni ko tsayuwa ba na iya yi sosai. Ina kwance ina tuna fangalina, don 'yar manomi ce ni, na san albasar da ba a dasa ba, ba a ba ta ruwa ba, ta gama yawo. Da na fara jin sauƙi sai labari ya zo cewa an fara rajistar jarrabawa.

"Ki je ki roƙi malamin mana," in ji Mama.

"Roƙon me? Doka ce. Gara in ajiye da kaina da a kore ni a gaban ɗan Kwajan nan."

Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To malamar gonar fa?" Bayan ɗaki na zagaya na sha kukana.

Ranar da na koma makaranta, kai tsaye ofishin malamai na nufa, na haɗe rai don kada hawaye ya kunyata ni.

"Malam, na zo ajiye Agirik."

Ya yi mini sannu da jiki, sannan ya ce, "Kin je lambu?"

"Me zan gani a can, Malam?"

"Je ki duba ki dawo. Ba na sauraron manomin da bai leƙa gonarsa ba."

Na tafi ina ƙunƙuni, a zatona so yake in ga asarata da idona. Ina shiga lambun na tsaya cak. Fangalin da ke gabana kore shar, an dasa shi layi-layi, ƙasar da danshi, ko ciyawa ɗaya babu. Na ɗauka ɓatan kai na yi, sai na hango jan ƙyallena a jikin turke, rana ta koɗar da shi. Ga kuma mutumina ɗan Kwaja tsaye da bokiti.

"Kai, malamar gona ya dawo!" ya ce da irin Hausarsa. "Mun ce ko ya gudu ne."

"Wa ya yi wannan?"

"Gayya ne. A wurinmu in mutum ba lafiya lokacin aiki, ba a barin gonanshi. Asabar muka taru muka dasa, ban-ruwa kuma kowa da ranarshi. Da famfo ya lalace har mayo, kogin nan, muka je ɗiba." Ya yi dariya. "In kin ajiye Agirik, da wa zan yi faɗa?"

Na durƙusa a bakin fangalin ina kuka, shi kuma ya rikice yana ta cewa in tashi kada a ce dukana ya yi.

Na koma na gaya wa Malam gaskiya, cewa ba hannuna ya yi aikin ba. Ya ce, "Na sani, ina kallonsu. Cewa na yi kada fangali ya mutu, ban hana gayya ba. Daga yau ban-ruwa naki ne. Saura abu ɗaya, ke 'yar Digil ce, kin san wanda yake ciyar da 'yan gayya."

Da Mama ta ji, ko zama ba ta yi ba ta hau gyaran gyaɗa. Asabar ɗin ta cika robobi da kunun gyaɗa da ƙosai, muka sa a keke har bakin lambu. Aji guda, Musulmi da Kirista, muka baje a gindin mangwaro muka sha. Ɗan Kwaja ya yi ƙari har ya kasa tashi, yana cewa sikari bai ji ba.

Na zauna jarrabawar, na ci, yau kuma aikin malamar gona nake yi. Albasarsa ta fi tawa girma, kuma wallahi ban ji haushi ba. Allah Ya saka wa 'yan ajin nan da alheri a duk inda suke. Sun koya mini kada in yanke hukunci a kan abin da ban je na gani ba, don wani lokaci kana kwance ka fid da rai, wasu suna can suna ba shukarka ruwa. Shi ya sa duk manomin da ya zo mini yana cewa ya haƙura, kafin komai nake tambayarsa: ka je ka duba?