Kawu Ɗahiru da Attalinsa

Tun 'yata Zainabu na da wata goma sha biyar hankalina ya ƙi kwanciya. Sa'o'inta duk sun miƙe suna korar kaji, ita tana zaune daram kamar buhun dawa. Na kai ta mustashfa, wato asibiti, a Sinnar, hakim ya duba ta ya ce lafiyarta lau, in yi haƙuri. Haƙuri fa! In na kalli ƙafafunta ko abinci ba ya wuce mini. Mutum ɗaya ne a garinmu bai taɓa dubanta da tausayi ba, Kawu Ɗahiru, yayan innata.

Ku da kuka san shi kun san audugar nan ta kunnensa. Ƙwallon kwandon da yake mutuwar so a can ƙasar waje ake bugawa muna barci, sai bayan la'asar nadi, wato kulob ɗin garinmu, ke maimaita wasan a talabijin. To, yana idar da sallar asuba sai ya toshe kunnuwa da audugar hawasharsa, wato gonarsa, don kar wani mai waya ya gaya masa wa ya ci. Ran nan matarsa Iya Hajjo ta fito a guje tana ɗaga hannu.

"Malam! Awaki sun shiga dawa!"

Ya runtse ido ya juya baya. "Kar ki gaya min! Sai la'asar!"

Wallahi sai da awakin suka ƙoshi.

Akwai ɗan wasa guda da yake ji da shi, wani ƙato mai tsayuwa gindin kwando. Bai iya faɗin sunansa ba, sai ya sa masa Attali, wato ɗan dako, don shi ma Kawu aikin dako ya yi da ƙuruciya, yana ɗora dilar auduga a jirgin ƙasa. Ustaz Bashir, malamin makaranta, shi ne abokin gardamarsa a rumfar mai jabana, inda ake shan gahawa.

"Ya Hajj, wanga naka ai bai kama ƙafar na da ba. Na da sun tara kofuna."

"Kofi na shan shayi ne, Ustaz. Kai hannu kake kallo, ni ƙugu nake kallo. Na da ɗin naka tsalle gare su. Wanga in ya kafa ƙafa ya ba ka baya, ko tarakta sai ta zagaya."

"To ai tsayuwa ba ita ce ƙwallo ba."

"Haka ka ce? Kira min samari uku."

Ni da idona na gani, ina dawowa daga ɗibar ruwa. Tsoho mai furfura fat ya tsaya a bakin ƙofar nadi, ya buɗe ƙafa, ya ɗan rusuna, ya ce su fitar da shi. Suka tura, suka tura, takalmin ɗaya har ya tsinke. Ƙasa ce kawai ta tono a ƙarƙashin dugadugansa. Ya kakkaɓe jallabiyarsa ya ce, "Ni nan kaɗan daga cikin Attali ne. Ustaz, biya jabana."

Shi ne kuma yakan kama tafin ƙafar Zainabu ya jujjuya kamar mai sayen jaki. "Hauwa'u, bar kuka. Wagga ba mai gudu ba ce, mai tsayuwa ce. Irinsu ba sa gaggawa." Ni ko haushi nake ji.

Ranar wasan ƙarshe, wanda ya yi mako yana zancensa, ya biyo ta gidanmu da audugarsa a kunne zai wuce nadi. Yana tsaye a tsakar gida yana shan ruwa, Zainabu ta ja gindi ta kama ƙwaurinsa. Ta ja, ta ja, sai ga ta tsaye! Na yi ihu zan ɗauke ta, ya ɗaga min yatsa. Ya buɗe ƙafa, ya rusuna, irin tsayuwar nan tasa. Ta faɗi, ta sake kamawa, ta sake miƙewa. Aka aiko daga nadi an fara, bai motsa ba. Aka sake aikowa an kusa tashi.

Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Kawu, tafi mana!"

Ya ce, "An kama sanda tana tafiya?"

Har rana ta yi ja yana nan, gumi na ɗiga daga gemunsa. Kafin magariba Zainabu ta sake shi ta yi taku biyu zuwa wurina.

Su Attali kuwa an cinye su. Ustaz ya zo har gida yana dariya. Kawu ya ce, "To ina zai ci, ban je na tsaya masa ba?"

Damina ɗaya ya ƙara a duniya. Bai ga ranar da Zainabu ta fara bin yara zuwa bakin gulbi ba, ni kuma ban taɓa buɗe baki na yi masa godiya yadda ya kamata ba, kunya ta hana. Allah ya jiƙan Kawu, ya tabbatar da dugadugansa ranar tsayuwa, ya yalwata masa makwanci. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku.